Keken dako mai taya 28: ƙarfinsa, rauninsa, da takardar da ke tsaya masa a shingen jandarma

Tun da fetur ya hau, keke ya sake samun daraja a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840, sannan cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya sa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, shi ma ya daina araha. Mai kai albasa kasuwa, da mai sayar da ruwa, da malamin makarantar ƙauye, da yawansu sun koma ga baƙin keken nan mai sanda da birkin ƙarfe, wanda iyayenmu suka sani da sunan Rali, yau kuma ake samunsa da tambarin Phoenix na Shanghai ko Hero da Avon na Indiya. Tambari ya bambanta, amma ƙirar ɗaya ce, kayan gyaransu ma galibi suna shiga juna. Wannan sharhi a kan ƙirar yake, da kuma aikin da shagunan kasuwa ke yi mata kafin su miƙa wa mai saye.

Hukuncinmu a taƙaice: keke ne da ya cancanci kuɗinsa, kuma babu wanda ya kai shi ɗaukar kaya a kan hanyar ƙasa. Sai dai yadda yake fita daga yawancin shaguna, aikin rabi ne. Ba a gama haɗa shi yadda ya kamata ba, ba a kuma ba shi shaidar da za ta nuna na wane ne ba. Ta biyun ce mutane suka fi sakaci da ita, don haka da ita za mu fara.

A Kamaru keken da ake tuƙawa da ƙafa ba shi da kat-giris, wato takardar rajistar abin hawa, ba shi da lamba, ba a neman lasin tuƙi ko inshora a kansa. Rajistar da ofishin ma'aikatar sufuri ke yi, wadda ke ba da lamba mai farawa da EN a Arewa Mai Nisa, NO a Arewa, AD a Adamawa, ta abin hawa mai inji ce. Dokar Firayim Minista ta 31 ga Disamban 2008, wadda aka yi wa gyara a 2013, ita ta ɗora wa 'yan acaɓa lasin tuƙi na rukunin A da kat-giris da inshora da hular kwano da rigar shaida, kuma babu ruwanta da mai keke. Masu zuwa Mubi ko Gamboru su sani cewa a can tsarin daban ne: kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya bai wa ƙananan hukumomi ikon yanka lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Wannan ikon a bakin iyaka ya tsaya.

Mutane na jin wannan sai su ɗauka sauƙi ne zalla. Akwai sauƙi, amma akwai kuma rami a ciki. Babur in an sace shi, akwai fayil a ofis da sunan mai shi da lambar inji. Keke ba shi da kowa. Duk duniya abu biyu ne kawai ke haɗa shi da mai shi: lambar da aka buga a jikin firam, da rasit ɗin da ke ɗauke da wannan lambar. In babu su, ranar da aka tsayar da kai a shinge aka ce keken wa ne, ko ranar da ka gan shi a hannun wani a kasuwar ƙauye bayan an ɗauke shi a ƙofar masallaci, bakinka ne kawai da bakin wancan.

A nan ne muke auna shago. Shagon kirki yana da littafin rasit mai sunan shago da hatimi, kuma in ka ce, "Alhaji, a rubuta mini lambar firam a ciki," ba zai ɓata rai ba, zai sa yaro ya kifa keken a karanto. Shagon da ba ya so, sai ya yago takarda ya rubuta "keke ɗaya" da kuɗi, ko ya ce ai nan ba a yin haka. Irin wannan takarda ba ta da amfani, domin za ta dace da kowane keke a garin. Rasit mai amfani yana ɗauke da kwanan wata, da cikakken sunan mai saye kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da tambarin keken, da launi, da girman taya, da lambar firam harafi da adadi ba tsallake, da sa hannu da hatimi. A rubuta shi da Faransanci, saboda wanda zai karanta shi a hanya da shi yake aiki.

Lambar tana ɗaya daga wurare huɗu: ƙarƙashin gidan feda, wato inda sandunan firam suka haɗu a ƙasa; gefen bakin da sandar sirdi ke shiga; ƙarfen baya inda aksil ke zama; ko gaban wuyan keke. A sababbin kekuna fenti yakan cike ramin haruffan har 3 ta yi kama da 8, B ta yi kama da 8 ita ma. Kada a kankare fentin. A goga alli a kai a share da yatsa, farin zai zauna cikin ramin, lambar ta fito. Sannan a ɗora farar takarda a goga fensir a kwance har siffar lambar ta bayyana, a liƙa wannan a bayan rasit, a kuma ɗauki hoto da waya. Asalin rasit ya zauna a gida. Kwafinsa a naɗe a leda a tura cikin jakar sirdi ko aljihu, don zufar watan Afrilu tana cinye tawadar biro cikin ɗan lokaci. Wasu masu hikima suna rubuta suna da lambar waya a 'yar takarda su cusa cikin sandar sirdi ko cikin ƙahon kan keke su mayar da robar hannu. Ɓarawo yana canza fenti da sirdi, amma da wuya ya leƙa can, kuma a gaban hukuma wanda ya iya cewa a zare sirdi a ga abin da ke ciki ya gama magana.

Yanzu ga keken kansa. Firam ɗin ƙarfe ne da aka haɗa da tagulla a gaɓoɓi, nauyinsa duka ya kai wajen kilo 20, kuma wannan nauyin da tsawon tsakanin wili biyu su ne ke sa ya zauna daram da buhu a baya. Tayar inci 28 tana haye rami da tsakuwa da yashi fiye da ƙaramar taya. Babu giya, babu wayar birki da za ta tsinke, babu abin da bakaniken ƙauye da sifana da guduma ba zai iya gyarawa ba. Mai sanda biyu ya fi mai sanda ɗaya in kaya za a riƙa ɗauka, musamman masu rataya jarka a tsakiya.

Matsalar ita ce keken yana zuwa ne a kwali, a wargaje, wili ma wani lokaci ba a saƙa ba, kuma yaran shago ake biya kan kowane keke da suka haɗa. Wanda ake biya da ƙidaya sauri yake yi. Abu na farko da ke shan wahala giris ne. In ka buɗe hob ɗin sabon keke, wato cibiyar wili, sau da yawa za ka tarar da boris, ƙwayoyin ƙarfen da wili ke juyawa a kansu, a bushe, ko da ɗan shafe kamar an taɓa da yatsa. Ƙurar hunturu ta shiga, sai boris ya fara cin kofinsa, kafin damina wili na rawa. Kafin a hau, a kai shi wurin bakanike a buɗe wurare huɗu: hob na gaba, hob na baya, gidan feda, da wuya. A ƙirga boris ɗin. Galibi na gaba 10 ne kowane gefe masu girman 3/16 na inci, na baya 9 kowane gefe masu 1/4, gidan feda 11 kowane gefe masu 1/4. In ɗaya ya ɓace tun wurin haɗi, a cika. A cika giris har ya ɓullo, a ɗaure yadda wili zai juya shi kaɗai ba tare da ya yi girgiza gefe da gefe ba. Ɗaurewa da yawa ya fi sakewa ɓarna.

Na biyu sifok, wato wayoyin da ke haɗa rim da hob. Tsohuwar ƙira tana da 32 a gaba, 40 a baya, wasu na yanzu 36 gaba da baya. A ƙirga kafin a sayi rim ko hob na canji, don ramukan dole su yi daidai. A matsa sifok bibbiyu da hannu a zagaye wilin. In wasu sun yi tauri wasu na lilo, nauyi ba zai rabu daidai ba, sifok kuma za su fara karyewa, kusan kullum a lanƙwasar da ke jikin hob, gefen sarƙa. Sifok ɗin da ke zuwa da keken mai kaurin milimita 2 ne. Mai dako na gaskiya ya sa a sake saƙa wilin baya da mai 2.3 ko 2.6, ko da yake na biyun yakan bukaci a ɗan faɗaɗa ramukan hob. Bayan an ɗaure, a cire taya a shafa cikin rim da yatsa. Duk kan sifok da ya ɓullo a goge shi da zarto, a naɗa roba mai kauri a kai. Tsohon tif da aka yanka ya fi siririyar robar kamfani. Da yawa daga facin da ake ɗora wa ƙaya laifi daga nan yake fitowa, kuma gane shi ba wuya: hujin da ke gefen tif da ke kallon rim na sifok ne, wanda ke waje na ƙayar tsidau ko aduwa ne, huji biyu gefe da gefe kuwa iska ce ta yi kaɗan rim ya ciji tif a kan dutse.

Wajen sayen taya akwai tarko. Taya biyu ake kira 28. Ta wannan keken an rubuta mata 28 x 1 1/2, ko 40-635. Ɗayar, ta kekunan Turai na gwanjo, 622 ce. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma ta 622 ba za ta hau wannan rim ba ko da an yi ta fama da cokali har a fasa tif. A duba lambar da ke gefen tayar, a nan kuma aka rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Bawul ɗin irin na da ne mai 'yar roba a ciki, kuma zafin Garwa da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu yana busar da robar ta tsage. In taya na sacewa a hankali ba huji, a fara duba nan kafin a biya mai faci. A riƙa ajiye 'yan robobin a aljihu, kuɗinsu bai kai na shayi ba.

Sai kota, ƙusar nan mai noti da ke riƙe ƙafar feda a jikin ƙarfen tsakiya. Ita ce ke sa keke ya riƙa yin ƙas, ƙas duk zagayen feda. Kuskuren da ake yi shi ne jan ta da noti. Notin ƙarami ne, zarensa laushi gare shi, ana matsawa sai ya murje. Kota da guduma ake shigar da ita, a tokare ƙafar fedan daga ƙasa da guntun bututu don bugun kada ya sauka kan boris, sannan a ɗaura noti ya riƙe kawai. Kota biyun su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba ƙafafun fedan ba za su miƙe layi ɗaya ba. Bayan mako na farko a sake buga su. Girman da ya dace da waɗannan kekuna milimita 9.5 ne, ta 9 ta kekunan Faransa ce, za ta shiga amma ba za ta kama ba. Fedan hagu kuma zarensa na hagu ne, ana ɗaure shi ta inda ake kwance sauran.

Farantin sarƙa yakan zo da haƙora 44 ko 46, firiwil, wato ƙaramin faranti na wilin baya, 18. Da 44 da 18, kowane zagayen feda yana tura keke kusan mita biyar da rabi. Wannan ya yi wa mai tafiya hannu rabbana a kan kwalta, amma ya yi wa mai buhu biyu nauyi, gwiwa ce ke biya. A sa firiwil mai 22, zagaye ya koma kusan mita huɗu da rabi, a ƙara gaɓa ɗaya cikakkiya a sarƙa. Gudu zai ragu, amma za a tashi da kaya daga tsaye ba tare da tangaɗi ba, wanda shi ne lokacin da aka fi faɗuwa gaban mota. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A auna ta lokaci lokaci: gaɓoɓi 12 cikakku na sabuwa santimita 30.5 ne, in ta ƙaru da milimita 3 a canza kafin ta cinye haƙoran firiwil. Da rani mai kaɗan ake sa mata a goge na waje, don mai da ƙura in suka haɗu sun zama abin da ke cin ƙarfe.

Birki shi ne babban raunin wannan ƙira, kuma shi ne abu na farko da doka ke nema. Kamaru da Chadi suna aiki da dokar hanya ɗaya ta ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, wadda aka sabunta a 2001, kuma mai keke yana ƙarƙashinta kamar mai mota: hannun dama, tsayawa a jar wuta, ba da hanya, nuna hannu kafin kwana. Yarjejeniyar Vienna ta 1968, wadda dokokin hanya da yawa ke bin sawunta, ta lissafa abin da keke zai kasance da shi: birki mai kamawa, ƙararrawa, danja mai mayar da haske a baya, da fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya. Birkin ƙarfe yana jawo roba biyu sama su kama cikin rim. A bushe yana aiki daidai gwargwado. In rim ya jiƙe, zagayen farko da na biyu kamar ba a taɓa shi ba, kuma da kilo 100 a baya wannan tazara ce mai tsawo. Da damina a riƙa ɗan matsa shi tun daga nesa don ya share ruwan. In wili bai zagaye daidai ba, birkin zai riƙa kamawa yana saki, keke na karkarwa. Gyaran yana wurin sifok, ba wurin birki ba. Tsakanin roba da rim a bar milimita 2 zuwa 3.

Ga wani abu da muke roƙon kowa ya duba da idonsa tun a shago. Gidan ƙarfen da robar birki ke ciki a buɗe yake ta gefe ɗaya, a rufe ta ɗayan. Rufaffen gefen dole ya kalli inda rim ke turawa in keke na tafiya gaba. In yaron shago ya juya shi, ranar da aka matsa birki da ƙarfi robar za ta zame ta fice, a bar ƙarfe kan ƙarfe. Dubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya. Haka kuma al'adar cire birkin gaba gaba ɗaya, wai yana kifar da mutum, ba mu yarda da ita ba. Na gaba ne ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, kuma ranar da sandar na baya ta kwance a gangara, tafin takalmi ba zai tsayar da buhun masara ba.

Fitila kuwa, shaguna da yawa sun mayar da ita kayan ƙari da ake saya daban, wasu ma ba sa ajiye ta. Dinamo, ɗan injin da ke gogar taya ya samar da wuta, wanda aka saba bolt 6 ne, wat 3: ƙwan gaba 2.4, na baya 0.6. Waya ɗaya ke zuwa kowace fitila, firam ne ke mayar da wutar, shi ya sa sabuwar fitila ke ƙin kamawa in fenti ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Akwai 'yar ƙusa mai tsini a maƙalar da aka yi don ta huda fentin, a ɗaure ta. A saita dinamon ya miƙe yana kallon tsakiyar wili, in ya karkace yana cin gefen taya. In ƙwai ɗaya ya mutu a canza shi nan da nan, domin wutar duka za ta koma kan ɗayan ta ƙone shi. Aibinsa biyu ne da ba su da magani: yana zamewa a jiƙaƙƙiyar taya, kuma yana mutuwa da zarar an tsaya, wato daidai lokacin da mutum ke tsaye a mararraba cikin duhu. Don haka a ƙara 'yar fitila mai caji a gaba da ja a baya. Kuma a lura, kaya na rufe danja. Mai ɗaukar kara ko tabarmi ko buhu ya mayar da ita can ƙarshen kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ko ya rataya wata a jikin kayan. A kan babbar hanya ta ɗaya, tsakanin Garwa da Figil da Marwa, lokacin da manyan motocin auduga ke zirga-zirga cikin hazo, direba ba ya ganin baƙin keke da mai baƙar riga sai ya zo kansa. Wannan ya fi tarar jandarma muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kariyar kamfani ta isa ɗaukar yaro ko rabin buhu. Masu dako suna zuwa wurin mai walda a ƙera musu ta rodi mai milimita 10 ko 12, kuma hakan daidai ne, da sharaɗi ɗaya: a ɗaure ta da noti a aksil da maƙalar sirdi, kada a yi waldarta a jikin firam. Bututun siriri ne, wutar walda tana narkar da tagullar gaɓa ta raunana ƙarfen, daga baya ya tsage daidai gefen ɗinkin. Sau da yawa kuma waldar ko sabon fentin da ke biyo baya kan hau kan lambar firam, kuma keken da lambarsa ta shafe, ko na halal ne, kamannin na sata yake yi. Game da nauyi, jarka huɗu ta lita 25 cike da ruwa kilo 100 ne cif, ban da mahayi. Keken zai ɗauka, amma aksil ɗin baya zai lanƙwashe a hankali, alamarsa wili ya fara gogar firam ta gefe ɗaya. A raba nauyin, biyu a rataye ƙasa ƙasa gefe da gefe, kada a tara duka sama. Masu bi ta gonakin masakwa bayan ruwa sun san yadda baƙar laka ke cushewa tsakanin taya da madigadi har wili ya tsaya cak; a ɗaga madigadin ya ba da tazarar yatsa biyu, kada a cire shi, don shi ke hana laka shiga sandunan birki da wuya.

Game da hana zirga-zirga, mutanen Arewa Mai Nisa ba sa bukatar a tuna musu. Tun 2014, da hare-haren Boko Haram suka tsananta, hukumomi suka taƙaita hawan babur a ƙauyukan iyaka da kuma cikin dare, aka ƙara tsanantawa bayan bama-baman Fotokol da Marwa a watan Yulin 2015. A lokacin ne keke ya zama abin hawan manomi da ɗan kasuwa a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari. Irin waɗannan umarni daga gwamna ko kantoma suke fitowa, suna canzawa daga gunduma zuwa gunduma, ana sassautawa ana mayarwa. Umarnin da ya ambaci babur kaɗai bai shafi keke ba, amma dokar hana fita ta dare ta shafi kowa, har mai tafiya a ƙasa. Kafin a nufi Mora ko Kolofata ko Mokolo ta hanyar daji, a tambayi mai unguwa ko 'yan banga abin da ake ciki a makon. A shinge abu uku ake so a gani: katin ɗan ƙasa, wanda wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 18, da kayan da ke baya, da shaidar keken. A sauka tun kafin a iso, a kashe fitila mai ƙarfi daga idon ma'aikaci, a ɗaure kaya yadda za a iya kwancewa a nuna. Mai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena da sabon keke fil, ledarsa ba a ɓare ba, ya san cewa a idon kwastan haja ce. Rasit mai sunansa ne zai nuna na hawansa ne. Wanda kuma ya sa aka ɗaura wa kekensa ƙaramin inji ya fitar da shi daga sahun keke, duk abin da aka faɗa kan babur yana iya hawa kansa, ga shi birkin ƙarfe ba a yi shi don wannan gudun ba.

Sayen keke na hannu shi ne inda haɗarin shari'a ya fi yawa. Kundin hukunta laifuka na 2016, a sashe na 318, ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan ɗaya kan sata, sashe na 324 kuma ya ɗora hukunci iri ɗaya kan wanda ya riƙe kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zargi. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas, da sabon fenti a kan tsohon keke, da lambar da aka goge, da mai sayarwar da ba ya son nuna kati, duk dalilan zargi ne. Araha ba ta ado a nan. A nemi tsohon rasit a gwada lambarsa da ta firam. A rubuta takardar ciniki mai sunaye da lambobin katin mutum biyun, da bayanin keken, da shaidu biyu, a kai ofishin 'yan sanda ko na magajin gari a tabbatar da sa hannu. Tambarin haraji da ake liƙawa sefa 1,500 ne tun 2023. In dillali ya ce wannan duk ɓata lokaci ne a kan keke, a bar masa kayansa.

Akwai waɗanda wannan keken bai dace da su ba. Ɗalibi ɗan shekara 12 ba ya kai ƙafa, sai ya riƙa tuƙi ta ƙarƙashin sanda, kuma a haka ba ya iya matsa birki da kyau. Mace mai zani, da dattijon da ɗaga ƙafa ke ba wahala, da mazaunin tsaunukan Mandara inda gangara ke neman birki na gaske, duk gara su nemi keken Japan na gwanjo marar sanda, mai taya 26 x 1 3/8 da birkin waya da kwando a gaba. Ya fi sauƙin nauyi da tsayawa, sai dai ba ya jure buhu, kayan gyaransa kuma ba kowane ƙauye ake samu ba. Da yawansu suna zuwa da 'yar takarda mai lamba liƙe a firam, sau da yawa rawaya ko ruwan lemo, da rubutun Japan. Rajistar rigakafin sata ce ta can, wadda ta zama wajibi a ƙasarsu tun 1994, kuma ba ta da wani ƙarfi a nan. Kada a ɓare ta, don ƙarin alama ce ta gane keken, amma wadda za a rubuta a rasit ita ce wadda aka buga a ƙarfe, galibi a gaban wuya ko ƙarƙashin gidan feda.